Zuwa Iwik, ƙauyen masunta a gaɓar tekun Muritaniya: yaushe, ta wace hanya, da wane shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Damagaram ne. Zan je Nuwakshot duba ƙanena da ke karatu a can, kuma zan sami rarar kwana biyar ko shida. Tun da nake ban taɓa ganin teku ba. An ba ni labarin wasu ƙauyukan masunta a arewa da birnin, inda Sahara ta gangaro har bakin ruwa, wai babu famfo babu kasuwa, sai iska dare da rana. Ina so in je da maiɗakina. Shin wurin ya kai a sha wahalarsa? Wane lokaci ya fi, ta ina ake bi, kuma me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku tarar da ƙanen naka cikin alheri.

In ganin teku kawai kake so, ba sai ka bar Nuwakshot ba. Daga tsakiyar gari zuwa bakin ruwan da masunta ke sauke kifi tafiyar 'yan mintoci ce a tasi. Ka je bayan la'asar, lokacin da ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti kala-kala ke dawowa, ka sha kallo har magariba. Ina ma ba ka shawara ka fara da can ko da za ka wuce arewa, don idonka da na maiɗakinka su saba da ruwan tukuna. Ƙauyukan da aka ba ka labari wani abu ne dabam. Sun kai a je, amma ga wanda zai yarda cewa a can ba shi ke tsara yininsa ba. Iska da ruwa ke tsarawa, kuma duk shirin da zan faɗa maka a kan wannan ya ginu.

Wurin yana cikin gandun da za ka ga an rubuta Banc d'Arguin a allunan hanya, mu ce gandun Argin. Gwamnatin Muritaniya ta kafa shi a 1976, zamanin shugaba Mukhtar Wuld Dadda, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Faɗinsa murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi ruwa rabi hamada, tsakanin Nuwakshot da birnin Nuwadibu da ke arewacin ƙasar. A cikinsa akwai ƙauyukan wasu masunta da ake kira Imragen, ƙauyukan ba su kai goma ba, mutanen ciki duka ba su kai dubu biyu ba. Mamghar ne babba, can kudu, sai irin su Teshot, Rigaiba, Ten Allul da Arkes. Wanda nake tura baƙo shi ne Iwik, saboda yana tsakiya, yana fuskantar tsibiran da tsuntsaye ke taruwa, kuma mutanensa sun daɗe da sabawa da baƙi. Masu binciken tsuntsaye daga Holan suna zuwa can tun 1980. Ta wannan fannin na ƙidayar tsuntsaye da lura da kamun kifi ni ma na san gaɓar.

Bari in fara da iska, tunda ita aka fi ba ka labari. Yawancin shekara daga arewa take busowa, ko arewa maso yamma, tana bin gaɓar. Da safe takan yi sauƙi, da rana ta take sai ta fara ƙarfi, zuwa la'asar ta kai matuƙa. Ba ta da abin da zai tare ta, don babu dutse babu itace, ruwan saman da ake samu a shekara bai kai milimita 50 ba, wata shekarar ma ko ɗigo. Wannan iskar ce arzikin wurin. Tana kore ruwan saman teku daga gaɓa, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa, yana ɗauke da abincin da ƙananan halittun ruwa ke ci, kifi kuma ya biyo su. Shi ya sa tekun Muritaniya yake cikin mafi kifi a duniya, shi ya sa kuma kana tsakiyar Sahara amma kana neman bargo. A Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, da iskar a kai kuma sai ka rantse ya fi haka. Sanyin hunturun Damagaram busasshe ne, wannan kuwa mai laima ne da gishiri, yana ratsa tufa. Wani lokaci iskar takan juyo daga gabas da ƙura, a yi kwana biyu ba a ganin nesa.

Saboda haka watannin zuwa su ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Tsuntsayen suna nan, lokacin babban kamun kifi ne, rana ba ta da zafi. Daga Afrilu zuwa Yuni iska takan yi tsanani, har a wuni jirgi bai fita ba, abinci kuma da yashi za ka ci shi. Agusta zuwa Oktoba zafi ne. In tafiyarka ta faɗo a bazara kuma ba ta ɗaguwa, ni dai da na haƙura da Iwik na tsaya a bakin ruwan Nuwakshot.

Sai ruwa, wanda shi ne abin da mutumin tudu bai san da shi ba, kuma shi ya fi cutar baƙo. Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu a kowace rana yana cikowa, sau biyu yana janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci. Kullum kuma lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50, wato in yau ruwa ya cika ƙarfe goma na safe, gobe sai wajen sha ɗaya saura minti goma. A Argin tsayin da ruwan ke hawa bai fi mita ɗaya zuwa biyu ba, wanda ba wani abu ba ne in aka gwada da wasu gaɓoɓin duniya. Amma ƙasar wurin a shimfiɗe take, zurfin ruwan a wurare masu faɗin gaske bai kai mita 5 ba. Don haka in ya sauka mita ɗaya sai ya ja baya kilomitoci, ya bar filin laka da ciyawar ruwa na ɗaruruwan murabba'in kilomita. In zai dawo kuma ba ya zuwa da igiya ko ƙara da za ta gargaɗe ka. Ta ƙoramun da ke cikin lakar yake fara shigowa, sau da yawa ta bayanka, ya raba ka da tudu kana tsaye kana kallon gaba. Kada ku taka cikin filin lakar nan ku yi nisa sai da ɗan gari, kuma sai kun tambayi lokacin da ruwa zai juyo.

Abin da zai sauƙaƙa maka lissafi shi ne wata. Ƙarfin cikowar teku yana bin watan da muke ƙirgawa ne. A ƙarshen wata da farkon sabo, da kuma wajen 14 da 15 ga wata, ruwa yana cika fiye da kullum, yana kuma janyewa fiye da kullum, ƙarfin yakan kai matuƙa kwana ɗaya ko biyu bayan nan. Wajen 7 da 22 ga wata kuwa motsinsa kaɗan ne. Masuntan can ba su buƙatar takarda, wata suke dubawa. Gare ka, kwanakin babban ruwa sun fi daɗin kallo: jirgi yana samun zurfin da zai kusanci tsibirai, tsuntsaye kuma ruwa yana matsa su wuri guda. Amma su ne kwanakin da hanyar mota ta fi haɗari, kamar yadda zan faɗa. In da zaɓi, ka sa zuwanka ya dace da tsakiyar wata, ka sami babban ruwa da farin wata a tare, don ƙauyen ba fitilun titi gare shi ba.

Hanya. Titin kwalta da ya haɗa Nuwakshot da Nuwadibu an gama shi a 2004, tsawonsa kilomita 470. Kusan a tsakiyarsa akwai garin Shami, sabon gari ne da aka kafa a 2012, yanzu ya cika da masu haƙar zinariya da injinan niƙa dutse. Hedikwatar gandun tana can. Shami ne wurinka na ƙarshe na shan mai, sayen ruwa, burodi da katin waya. Daga nan ake sauka daga kwalta a yi yamma, sai sawun tayoyi a kan yashi da tsakuwa, tafiyar awa biyu ko fiye gwargwadon halin ƙasa. Ba alamar hanya ta kirki, sawun kuma yakan rarrabu gida biyar, iska ta shafe wanda ta ga dama. Babu motar haya da za ka dogara da ita zuwa Iwik. Shatar mota za ka ɗauka tun daga Nuwakshot, irin Hilux ko Land Cruiser, da direban da ya san gandun. Ka tambaye shi ƙauyukan da ya sani da sunan mai masaukinsa a Iwik. In ya fara kame-kame, nemi wani. Ka duba da idonka akwai taya biyu na ko-ta-kwana, shebur, famfon ba taya iska, igiyar ja da jarkar mai.

Abin da ke kama motoci a can ba tudun yashi ba ne, kai da ka fito daga Damagaram ka san wannan, a sassauta iskar taya a wuce. Abin tsoro shi ne filayen gishiri da suke kira sabka. Daga nesa fili ne sumul, fari ko ruwan toka, mai kiran direba ya taka mai. Sai dai kamar kunun da ya huce ya yi yana yake: sama a bushe, ƙasa taɓo mai zurfi. Bayan babban ruwa tekun yakan tsattsafo ta ƙarƙashinsa, wurin da mota ta bi lafiya makon jiya yau ya haɗiye ta har gindi. Direban kirki yana zagaye shi ko da zai ƙara rabin awa. Kada ka matsa masa ya yanke. Akwai kuma tsohuwar hanya, wadda kafin kwalta ita ce hanyar kowa: a bi bakin teku daga Nuwakshot zuwa Mamghar, kimanin kilomita 150 a kan jiƙaƙƙen yashi lokacin da ruwa ya janye, teku a hagu, tudun yashi a dama. Tana da kyau ƙwarai, amma in mota ta lalace a inda tudu ya matso ruwa, babu wurin tserewa da ita. Da iyali a mota ban yarda da ita ba.

Maganar takardu kada ka yi mata riƙon sakainar kashi. Muritaniya ta fice daga ECOWAS tun shekarar 2000, don haka ka je ofishin jakadancinsu ka tabbatar da sharaɗin biza na fasfo ɗinka kafin ka sayi tikiti, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara. A kan titin arewa shingayen jandarma suna da yawa. Abin da matafiya ke yi shi ne su buga bayanan fasfo a takarda ɗaya, suna, lamba, ranar shigowa da inda za a je, su yi kwafi da yawa, a kowane shinge a miƙa ɗaya a wuce. Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi shafar ka fiye da Bature. Daga wannan gaɓar ce kwale-kwalen 'yan ci-rani ke tashi zuwa tsibiran Kanari na Sifen, kuma tun da Muritaniya ta ƙulla yarjejeniyar Yuro miliyan 210 da Tarayyar Turai a 2024 an tsananta bincike. Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma ya nufi bakin teku a arewa, dole a yi masa tambayoyi. Ka riƙe tikitin komawarka, adireshin ƙanenka da takardar izinin shiga gandun, ka amsa da sakin fuska. Izinin ana biyansa ne kan kowane mutum a kowace rana, ka karɓi rasit ka adana, don ma'aikatan gandun suna dubawa a ƙauyuka.

In kun isa, kada ka sa ran ganin wani gari. 'Yan ɗakunan katako ne da langa-langa da bulo, waɗanda gishiri ya cinye, sai masallaci, sai ragar kamun kifi a shanye, sai jirage a bakin ruwa. Ƙauyen kansa yana warin kifi, kuma akwai ƙuda. Masaukin baƙi yana ɗan nesa da gidaje: tantuna ne irin na makiyayan ƙasar, masu faɗi da gajeren tsayi, da tabarmi da katifu a ƙasa, galibi ƙungiyoyin matan ƙauyen ke kula da su. Ku zaɓi tantin da ƙofarsa ta juya wa arewa baya. Duk abin da ka ajiye a waje ka danne shi da dutse, waya kuma ka sa ta a leda, don yashin yana shiga ramin caji. Wutar da za ka samu ta hasken rana ce, kaɗan, layin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Da dare diloli suna yawo a bakin ruwa neman mushen kifi, ba su taɓa mutum, amma takalmi da ragowar abinci a shigo da su ciki.

Ruwan sha shi ne abu mafi tsada a wurin. Babu rijiya mai daɗi a gaɓar. Abin da suke sha ko dai an kawo shi a mota daga nesa, ko an tace shi daga teku da ƙananan injina, waɗanda in sun lalace sai an jira. Ku zo da naku daga Shami, aƙalla lita biyar ga kowane mutum a rana don sha da girki, da ƙarin na kwana biyu saboda tsautsayi. Iskar tana busar da jiki ba tare da ka ji ƙishi ba, sai ciwon kai ya sanar da kai. Wanka kuwa da buta ɗaya ake yi, ba kullum ba. Abin da ya rage muku ranar komawa ku bar wa masu masauki, ya fi musu wasu kyaututtukan.

Alwala ba matsala ba ce. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: wani ya ce wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi za su ji ƙishi, ko su yi da ruwan teku? Sai ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mu a tudu karanta shi muke yi a zaure, su a can da shi suke rayuwa. Mutanen Malikawa ne kamar mu, ba abin da zai zame maka baƙo a sallarsu. Alƙibla gabas ce ta ɗan karkata arewa. Agogonsu yana bayan na Nijar da Najeriya da awa ɗaya.

Ranar shiga jirgi ita ce zuciyar tafiyar. A cikin gandun doka ta hana kamun kifi da jirgi mai inji, Imragen kaɗai aka yarje wa su yi su, kuma da jiragen katako masu babban ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa, waɗanda suke kira lansh. Daga masuntan tsibiran Kanari suka gaje su, an kuma ƙayyade yawansu, ɗari da 'yan kai ne a gandun duka, ana gyara su a Rigaiba. Shatar jirgi ta yini ce, kuɗin na jirgi ne ba na kai ba, don haka in kun tarar da wasu baƙi ku haɗa. Ka tambayi mai jirgi ƙarfe nawa za a tashi, zai ce maka sai ruwa ya zo, kuma ba wasa yake maka ba. Wata rana da asuba ne, wata rana sai hantsi ya dubi ludayi. Dawowa ma haka. In iska ta mutu ko ruwa ya janye kuna kan tudun ƙarƙashin ruwa, jirgi zai zauna a laka, ku ma ku zauna, a hura gawayi a dafa shayi a jira awa huɗu ko biyar. Ba haɗari ba ne, kullum ana yi. Saboda haka ku shiga da ruwa, rigar sanyi, rawani da dabino ko da an ce muku yanzu za a dawo. Ku nemi rigar kariya daga nutsewa tun a Nuwakshot, musamman da yake ba ku iya iyo ba. Ruwan cikin gandun a kwance yake, jiri da tashin zuciya ba su cika damun mutane ba, amma kada a shiga da cikin da aka cika da maiƙo.

Abin da za ku gani tsuntsaye ne, da yawan da ba ya faɗuwa. Kimanin miliyan biyu na ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ke yin hunturu a nan, suna tasowa daga Saberiya, Girinlan da arewacin Turai. Wani bai fi cikin tafin hannu ba, amma ya yi tafiyar kilomita dubbai don ya zo ya ci tsutsa da ƙananan dodon-koɗi a wannan lakar. Ban da su akwai mazauna wurin, kwasa-kwasa, filamingo, zalɓe, da wani fari mai baki kamar cokali, suna ƙwai a ƙananan tsibirai irin su Nayir da Nirumi. Lokacin kallo shi ne sa'ad da ruwa ke cikowa: yana kore su daga filin kiwo, sai su tashi dubbai a tare, garken yana juyawa yana sauya launi daga duhu zuwa fari. An hana sauka a tsibiran da suke ƙwai, kuma kada ka roƙi mai jirgi ya matsa don ka ɗauki hoto, in iyaye suka tashi daga sheƙa rana da wasu tsuntsayen suna gamawa da ƙwan. In ka sami aron madubin hangen nesa, ka zo da shi. Za ku kuma wuce ta gefen Tidra, tsibiri mafi girma, inda har yanzu akwai sauran bareyi. Wasu masana tarihi sun ce a nan Abdullahi bin Yasin ya kafa ribaɗin, wato sansanin karatu da ibada, da mayaƙan daular Murabiɗun suka fito daga ciki a ƙarni na 11, sai dai tonon da aka yi a tsibirin bai samo shaidar hakan ba.

Tabbas za a ba ka labarin kamun kifi da taimakon dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi. Gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Akwai kifin da suke kira azol, wanda ke wucewa garke-garke ta gaɓar daga wajen Oktoba zuwa Janairu. A da mai tsaro yakan hau tudu ya hango garken ta sauyin launin ruwa, maza su shiga da ƙafa da raga a kafaɗa, wani yana dukan ruwa da sanda. Dolfin in suka ji sai su taho su matso kifin zuwa gaɓa, mutane su kama nasu, su ma su ci nasu. Amma kada ka biya kowa kuɗi a kan alkawarin zai nuna maka. Yanzu abin ya yi wuya ƙwarai, yawancin kamun ya koma cikin jirgi. Dolfin ɗin dai kuna iya ganinsu suna bin jirginku.

Aikin azol bayan an kawo shi tudu na mata ne, kuma nan maiɗakinka za ta ga abin da kai ba za ka gani ba, don ita za a ja ta cikin rumfa. Suna tsaga naman su shanya a iska ba gishiri, shi ne tishtar. Kawunan su tafasa su kwashe mai, wanda mutanen ƙasar ke sha a matsayin magani, har makiyaya kan zo daga cikin hamada a lokacin kamun su yi makonni suna cin kifi don gyaran jiki. Ƙwan kifin kuma su sa masa gishiri, su danne, su busar, shi ne mai tsadar da ake kaiwa har Turai. In za ku sayi tsaraba ku saya a hannunsu kai tsaye. Abincin da za a ba ku shinkafa da kifi ne, rana da dare. Ku zo da yajinku, girkinsu ba ya da barkono. Shayi kofi uku ne kamar na gida, ba a tashi bayan na farko. Kyautar da ta dace ita ce ganyen shayi, sukari, dabino, albasa da lemo, don kayan lambu ba sa isa can. Lafaya ko babban hijabi ya wadatar da maiɗakinka, sai dai ta sa wando mai kauri a ciki saboda iska da hawa jirgi.

Harshensu Hassaniyya ne, Larabcin ƙasar. In kana da Larabcin makaranta za a fahimce ka ko da kai ba ka kama nasu duka ba, Faransancinka kuma zai yi aiki da ma'aikatan gandun da direba. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka shiga tambayar asali, wane ne ɗan wa, wa ke ƙarƙashin wa. Imragen sun daɗe suna biyan wasu manyan kabilu haraji da kifi, ƙasar kuma ba ta soke bauta a doka ba sai 1981, ba ta mai da ita laifin da ake hukuntawa ba sai 2007. Gaɓar ma da kanta tana da tsohon tabo, don a tsibirin Argin da ke arewacin gandun ne Turawan Fotugal suka kafa wurin ciniki a shekarun 1440, suna sayen bayi da ƙaro da zinariya. Magana ce mai ciwo, in ba su suka ɗauko ta ba ka bar ta. Hoto ma sai da izini, na mata kuwa ka bar wa maiɗakinka ta tambaya.

Kuɗi a hannu za ka riƙe, ƙananan takardu, babu banki babu na'urar cirar kuɗi. A 2018 an sauya kuɗin ƙasar, ugiya goma ta da ta koma ɗaya, amma har yau mutane da yawa da tsohon lissafi suke faɗin farashi. Duk cinikin da za ka yi, na mota, na jirgi, na tanti, ka tambaya sabuwa ko tsohuwa kafin ka ce na saya, ka kuma tabbatar ko man mota da abincin direba suna ciki.

Ta fannin lafiya, asibiti yana da nisa, don haka mai juna biyu da ta yi nauyi, jariri, da mai ciwon da ke iya tashi ba zato, ban ba su shawarar zuwa ba. Wanda ke shan magani kullum ya zo da fiye da na kwanakin. Kada a shiga ruwa ba takalmi: ɓawon dodon-koɗin wurin yana yanka, akwai kuma kunamar ruwa da ke kwanciya cikin yashi da ƙaya a wutsiya. A riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, in ta ji motsi guduwa take yi. Man kaɗanya don leɓe da ƙafa, da tabarau saboda yashi da ƙyallin ruwa.

Kwanakinka biyar ko shida ga yadda zan raba su. Rana ɗaya ta tafiya, a tashi Nuwakshot da sassafe don a bar kwalta kafin azahar, kada dare ya same ku a yashi. Kwana biyu cikakku a Iwik, ɗaya na jirgi, ɗaya na ajiya ko da iska ta hana fita ranar farko. In an fita lafiya, a ranar ajiyar direba ya kai ku Arkes da ke arewa, kusa da tsaunin Tafarit, inda ruwa ya fi haske kuma akwai tudun da za a hau a ga hamada da teku a tare. Rana ta huɗu a dawo. Sauran kwana ɗaya ko biyun ka bar su a Nuwakshot tsakanin dawowarka da ranar jirginka na komawa gida, don mota takan kafe, ƙura takan rufe hanya, kuma kafin ku sauka daga kwalta a Shami ka kira ƙanenka ka faɗa masa lambar motar, lambar direban da ranar da zai sa ran ganinku.